Bankunan Kasuwanci Masu Lasisi a Kamaru da Hanyoyin Tuntuɓar Su

Bankin kasuwanci mai lasisi a Kamaru shi ne kamfanin da hukuma ta ba izinin karɓar ajiyar jama'a, da ba da rance, da tafiyar da biyan kuɗi tsakanin mutane. Adadinsu bai kai ashirin ba har zuwa shekarar 2024, kuma kusan duka hedikwatarsu tana Duwala ko Yawunde. Mazauna jihohin arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da rassa kawai suke hulɗa, galibi a Ngaundare da Garwa da Marwa. Wannan nisan shi ke sa sanin wane ne banki na gaske, da ta wace ƙofa ake samun sa, ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwar arewa fiye da takwaransa na Duwala.

Masu ba da lasisi

Kamaru ba ta da babban banki nata na kanta. Tana tarayya da Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini a ƙungiyar CEMAC, kuma babban bankinsu ɗaya ne, BEAC, wanda aka kafa a 1972, hedikwatarsa a Yawunde. Shi ke buga kuɗin sefa, wanda aka ɗaure da yuro tun 1999 a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. BEAC yana da reshe a Garwa, amma ba wurin buɗe asusun ɗaiɗaikun mutane ba ne. Bankuna da baitulmalin gwamnati ne abokan hulɗarsa.

Sa ido a kan bankuna kuwa aikin hukumar COBAC ne. An kafa ta a watan Oktoba na 1990, kuma gwamnan BEAC ne ke shugabantar ta. Ministan kuɗi na Kamaru shi ke sa hannu a takardar lasisi, sai dai ba ya iya yin haka sai COBAC ta amince. Ita ce kuma ke da ikon bincikar littattafan banki, ta tsawata, ta tsige shugabanni ta naɗa mai riƙon ƙwarya, ko ta janye lasisin gaba ɗaya. A 2009 ta ƙayyade cewa jarin banki kada ya gaza sefa biliyan 10.

Wahala ce ta haifi wannan tsari. A ƙarshen shekarun 1980 farashin man fetur da koko da gahawa ya faɗi, basussukan da aka ba manya ba su dawo ba, bankuna da dama suka durƙushe da kuɗin mutane a ciki. A 1989 gwamnati ta kafa kamfanin SRC don ya bi waɗannan basussuka. Aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, wasu bankunan suka ƙara rufewa. Dattawan 'yan kasuwa da suka ga wancan zamani har yanzu wasunsu sun fi yarda da shanu da adashe, kuma ba a ce ba su da hujja ba.

Bankunan da kansu

Afriland First Bank yana sahun gaba wajen girma. Paul Kammogne Fokam ne ya kafa shi a 1987 da sunan CCEI Bank, hedikwatarsa a Yawunde, jarinsa na 'yan ƙasa. A 2015 ya buɗe sashen hada-hadar kuɗi na Musulunci, wanda ba a biya ko karɓar kuɗin ruwa a cikinsa. Ga arewa, inda da yawa ke gudun banki saboda riba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. CEMAC ta fitar da dokar irin wannan hada-hada a 2022.

Tsofaffin bankunan da suka samo asali daga Faransa uku ne, kuma duka ukun sun sauya hannu ko suna kan hanya. SCB Cameroun ya koma ƙarƙashin Attijariwafa Bank na Maroko a 2011. BICEC, wanda aka gina a 1997 a kan kufan tsohon bankin BICIC, ya koma hannun rukunin Banque Centrale Populaire, shi ma na Maroko, a 2019. Société Générale kuwa ya ƙulla yarjejeniyar sayar wa gwamnatin Kamaru kasonsa a 2025. Waɗannan uku da Afriland su ne aka fi daɗewa da sani a manyan biranen arewa, inda albashin ma'aikatan gwamnati da harkar auduga ta kamfanin SODECOTON na Garwa ke juya kuɗi.

Daga Afirka ta Yamma akwai Ecobank, mai hedikwata a Lome, da UBA da Access Bank na Najeriya, da Banque Atlantique wanda ya koma AFG Bank. BGFIBank daga Gabon ya zo, Bange Bank daga Ikwatoriyal Gini. Citibank na manyan kamfanoni ne, ba ruwansa da ƙaramin mai ajiya. Na cikin gida sun haɗa da Commercial Bank Cameroon, wanda Victor Fotso ya kafa, da Union Bank of Cameroon, da NFC Bank, da BC-PME na gwamnati mai kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu. CCA Bank da La Régionale sun fara ne a matsayin ƙananan cibiyoyin rance, suka girma har suka samu lasisin banki, na farko a 2018, na biyu a 2022.

Abin da ba banki ba

Nan ne ake yawan ruɗewa. Ƙananan cibiyoyin ajiya da rance, irin su Crédit du Sahel mai hedikwata a Marwa, suna da nasu izinin, COBAC na sa musu ido, kuma su ne suka fi kai wa ƙauyuka. Amma lasisinsu daban ne da na banki. Haka MTN Mobile Money da Orange Money: hanyoyin biya ne da aika kuɗi ta wayar salula. 'Yan canjin da ke musayar naira da sefa a bakin kasuwa wata duniya ce ta dabam.

Bambancin yana fitowa ranar da abu ya lalace. Kuɗin da ke bankin kasuwanci yana ƙarƙashin asusun lamuni na FOGADAC, wanda ke biyan mai ajiya har sefa miliyan 5 a kowane banki idan bankin ya kasa. Ga mai sayar da shanu ko mai safarar albasa wannan adadi kaɗan ne, shi ya sa masu hankali ke raba kuɗinsu a bankuna biyu. Rufe cibiyar ajiya da rance ta COFINEST a 2011, da yadda masu ajiya suka sha jira, ya nuna cewa kyakkyawan gini da babban allo ba su ne lasisi ba. Ma'aikatar kuɗi tana fitar da jerin cibiyoyin da ke da izini lokaci zuwa lokaci, kuma mai shakka yana da haƙƙin ya tambayi lambar lasisi kafin ya ajiye ko sisi.

Yadda ake tuntuɓa

Reshe shi ne ƙofa ta farko, kuma har gobe ita ce mafi inganci. Ana buɗewa Litinin zuwa Juma'a, wasu rassan da safiyar Asabar. Ƙarshen wata, lokacin albashi, layi kan yi tsawo ƙwarai. Kowane asusu yana da ma'aikacin da ke kula da shi, kuma sanin sunansa da teburinsa ya fi lambar waya goma amfani. Takardu da Faransanci ake cika su a arewa, ko da yake ba wuya a samu ma'aikaci mai jin Fulatanci ko Hausa. Wanda ba ya karatun boko ya tafi da amintaccensa, kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa ba.

Don buɗe asusu akan nemi katin ɗan ƙasa, ko fasfo da takardar zama ga baƙo, da hotuna, da lambar mai biyan haraji wadda ake kira NIU, da zanen taswirar hanyar gidan mutum. Wannan zanen yakan ba baƙi dariya, amma dalilinsa a fili yake: unguwanni da yawa ba su da sunan titi ko lambar gida. Saboda haka ne ma adireshin bankunan kansu akwatin gidan waya ne, haruffan B.P. da lamba da sunan gari.

Lambar wayar ƙasar +237 ce, lambobi tara ke biye da ita tun 2014; ta salula tana farawa da 6, ta ofis da 2. Lambar banki ta gaskiya ana ɗaukar ta daga bayan katin cirar kuɗi, ko takardar bayanin asusu, ko allon cikin reshe, ko shafin intanet na bankin. Lambar da aka turo ta WhatsApp ko aka liƙa a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook abar zargi ce. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa. Idan kati ya ɓace, a kira a rufe shi nan take, sannan a je reshe.

Mai son a turo masa kuɗi yana ba da takardar RIB, mai lambobi 23: biyar na banki, biyar na reshe, goma sha ɗaya na asusu, biyu na tantancewa. Daga waje sai an ƙara lambar IBAN mai farawa da CM da lambar SWIFT ta bankin. Aikawa zuwa Njamena ba ta da wuya, tunda kuɗin ɗaya ne kuma tsarin GIMAC ya haɗa katuna da asusun waya na ƙasashen shida. Najeriya kuwa waje take, duk da kusancin garuruwan kan iyaka irin su Banki da Gamboru: dokar musayar kuɗi ta CEMAC ta 2018 ta sa banki zai nemi takardun ciniki kafin ya aika. Asusun UBA na Kano ba asusun UBA na Garwa ba ne, domin kowanne kamfani ne mai lasisin ƙasarsa. Nijar ma haka. Sefarta darajarsu ɗaya da ta Kamaru, amma babban bankinta BCEAO ne, takardun kuɗin kuma daban.

Koke

Ƙorafin baki yakan bi iska. Mai koke ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban reshe, kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya ya riƙe. Dokar kare abokan hulɗar banki ta CEMAC, ta watan Yulin 2020, ta wajabta wa kowane banki ya samar da hanyar karɓar koke da amsa shi, ta kuma tanadi wasu ayyuka na yau da kullum da ba a cajin kuɗi a kansu. Idan reshe ya yi shiru, a aika wa hedikwata a Duwala ko Yawunde tare da kwafin mai hatimi. Bayan nan akwai kwamitin tattalin arziki da kuɗi na ƙasa, CNEF, wanda sakatariyarsa ke ofishin BEAC na Yawunde, sannan kotu.