Mayar da uwar garke zuwa gajimare: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk wanda ogansa ya ce masa "a kwashe komai zuwa gajimare kafin ƙarshen shekara" tambayoyi iri ɗaya yake zuwa da su. Ga su nan a haɗe, don Allah a karanta kafin a sake turo min. Gajimare (cloud) shi ne kama hayar kwamfutocin wani kamfani ta intanet, uwar garke (server) kuwa ita ce kwamfutar da ke riƙe manhajoji da bayanan ofis.

Wace hanya ce ta fi kyau?

Babu. Kowace manhaja da hanyar da ta dace da ita. Wanda ya yanke wa kamfani sukutum hukunci ɗaya bai duba abin da ke cikin kwamfutocinsa ba.

To, hanyoyin nawa ne?

Kamfanin bincike na Gartner ya lissafa biyar a 2011, AWS, wato gajimaren Amazon, ya kai su shida a 2016, daga baya bakwai. A cikin shidan, uku ne ke cin gumi. Akwai ɗauki-ka-dire: a kwafi uwar garken yadda take, da babbar manhajarta da tarkacenta, a tayar da ita a can, da kayan aiki irin su Azure Migrate ko AWS Application Migration Service. Akwai kwaskwarima: manhaja tana nan yadda take, amma a miƙa wani sashe, galibi rumbun bayanai, ga mai gajimaren ya riƙa kula da shi, kamar Amazon RDS. Sai sake gini daga tushe. Sauran ba su da wahalar fahimta: ka bar naka ka kama haya, kamar mai rufe uwar garken imel ya koma Microsoft 365 ko Google Workspace, ka bar abu a inda yake, ko ka kashe shi. Ta ƙarshen nan ita ce mafi riba, ita ce kuma ba wanda yake tambayata a kai.

Ba ɗauki-ka-dire ce ta fi araha ba?

Ranar ƙaura, e. Wata uku bayan nan sai ka zo mu yi magana. Uwar garken da ke ofishinka an saye ta da girma ne don ta ɗauki shekaru, mafi yawan lokaci zaune take ba ta komai. In ka kama irin girmanta a gajimare, za ka biya kuɗin kowace sa'a, tana aiki ko tana barci. Ka auna abin da take ci na wata guda cur, har da ranar biyan albashi, sannan ka zaɓi girma. Kuma manyan kamfanonin gajimare da dala suke yanka farashi. Wanda ya yi kasafi da naira kafin Yunin 2023, lokacin da aka saki darajarta, ya san abin da nake faɗa.

Injiniyanmu ya ce mu sake gini kamar yadda Netflix ya yi.

Netflix ya fara ƙaurarsa a 2008, bayan rumbun bayanansa ya lalace, bai gama ba sai farkon 2016. Ku nawa ne a sashenku? Uku? Malam, ku dire tukuna, ku ga abin da ke cin kuɗi, sannan ku sake gina wannan ɗin kaɗai.

Yaya zan kwashe rumbun bayanai alhali mutane suna aiki a kansa?

Yauwa, wannan ce tambaya, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa.

Ka fara tambayar masu harkar, ba injiniyoyi ba: sa'a nawa za ku iya jurewa a rufe? In makaranta ce ko ofishin da ke tashi Juma'a ba a dawowa sai Litinin, kada ka wahalar da kanka. Tsayar da manhaja, fitar da kwafi, tura shi, zuba shi a can, gwada, buɗe. Sai dai ka yi lissafin hanya. Terabait ɗaya a layi mai gudun megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan sa'a 22, in layin bai yi gardama ba. A megabit 10 ya haura kwana 9. Kuma gudun turawa za ka duba, don wanda mai sayar maka da intanet yake tallatawa yawanci na saukewa ne. Zubawar ma tana da nata lokacin, wani sa'in ta fi turawar daɗewa.

In ba za a iya rufewa ba, sai a bi ta kwafi mai bin sawu: a tura babban kwafi tun da wuri, sannan duk canjin da aka yi a tsohon rumbu ya riƙa bin sabon. Manhajojin rumbu irin su PostgreSQL da MySQL suna da nasu tsarin, akwai kuma AWS DMS da makamantansa. Yana aiki, amma ban taɓa ce wa kowa zai tafi sumul ba. A PostgreSQL, misali, irin wannan kwafin da ke bin layi-layi ba ya ɗaukar canjin tsarin tebur, kuma ba ya ɗaukar ma'aunin da ke ba kowane sabon layi lamba. In ka manta ka daidaita shi da hannu, abokin ciniki na farko da zai yi rajista da safe za a ba shi lamba 1, rumbu ya ce akwai mai ita, allo ya cika da jan rubutu. Teburin da ba shi da babban mabuɗi, wato abin da ke bambanta kowane layi da saura, shi ma yakan ba da ciwon kai wajen gyara da gogewa.

Daren sauyawa kuwa: hana rubutu a tsohon rumbu, jira tazarar ta koma sifiri, ƙirga layuka a ɓangarorin biyu, sannan ka juya. Kwana biyu kafin nan ka rage wa'adin da DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin kwamfuta, ke riƙe adireshi, in kwana guda ne ka mayar da shi minti biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ma ba zai cece ka daga kwamfutar wani reshe da aka rubuta mata tsohon adireshin, wato lambar IP, da hannu shekarun baya ba, wanda ya rubuta kuma ya daɗe da barin aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne komawa baya. Da zarar an fara rubutu a sabon rumbu, tsohon ya zama tsohon labari, sai in ka shirya kwafi mai komowa. Wani lokaci shirya shi ya cancanci wahalar, wani lokaci a'a; ya danganta da ko za ku iya sake shigar da aikin rabin yini da hannu. Ku dai yanke shawarar kafin daren, a rubuce, da sunan mai ikon cewa "a koma".

Kuma kada ka haɗa ƙaura da canjin rumbu, wai daga Oracle zuwa PostgreSQL a dare ɗaya. In abu ya karye ba za ka san wanne ne ya karya shi ba.

Zan iya kai rumbun can in bar manhajar a ofis?

Za ka iya, za ka kuma yi nadama. A ɗauka zuwa da dawowa na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Shafin da ke yi wa rumbu tambaya 300 a jere zai ɗauki rabin minti kafin ya buɗe. Abubuwan da ke yawan magana da juna tare ake kwashe su.

In intanet ta yanke fa?

Kun tsaya. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Manyan cibiyoyin Azure na Microsoft, AWS da Google na farko a Afirka duk a Afirka ta Kudu aka buɗe su, a 2019, 2020 da 2024, don haka mai aiki daga Kano ko Maraɗi sai bayanansa sun yi doguwar tafiya. Ku kama layi biyu daga kamfanoni biyu, abin da ba ya jure yankewa kuma ku bar shi a gida. Ba abin kunya ba ne.

Ai masu gajimaren ne za su riƙa ajiye mana kwafin ko-ta-kwana?

Wa ya gaya maka? Su nasu ginin da injina, kai naka bayanan. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin gajimare na OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin suka rasa duka.

Yaushe zan kashe tsohuwar?

Bayan ƙarshen wata ya wuce lafiya. A nan ne ɗan aikin da ke tashi da kansa ƙarfe biyun dare ya haɗa rahoton akanta yake bayyana, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Kwantar da hankalinka, kowa yana da irinsa. Cire mata wayar sadarwa, ka bar ta a kunne, ka ga wa zai yi ihu.

In ba mu ji daɗi ba, ana dawowa?

Ana yi. Dropbox ya kwashe mafi yawan ajiyarsa daga AWS zuwa nasa injinan wajen 2016, kamfanin manhaja na 37signals ma ya kwashe manhajojinsa a 2023. Shigar da bayanai kyauta ne, fitarwa ake caja, ko da yake a 2024 manyan ukun sun ce sun yafe wa mai tafiya gaba ɗaya, bisa sharuɗɗa. Wanda ya yi ɗauki-ka-dire zai fita da sauƙi. Wanda ya sake gini a kan kayan kamfani ɗaya kuwa, sai ya sake wani ginin.