Waiwaye: yadda Turawan Ingila suka fara dariya da tsoro a dandali

Wai in ka ga wasan kwaikwayo na dandali a Landan yau, daki guda, wani bawan Allah da duniya ta juya wa baya, sai bako ya kwankwasa kofa, 'yan kallo na ta kyalkyala dariya amma gabansu na faduwa, to ba yau abin ya fara ba, kuma da faduwa ma ya fara.

A 1958 aka sa The Birthday Party na Harold Pinter a gidan wasan Lyric da ke Hammersmith, sau 8 kacal aka yi shi aka tattara saboda 'yan jarida sun yi masa kaca-kaca. Harold Hobson na Sunday Times ya yabe shi, amma kafin yabon ya fito an riga an rufe. Labarin fa ba wani tsawo, Stanley ne wani kazamin tuzuru da ya makale a gidan haya a bakin teku, uwar gidan tana lallabarsa kamar danta, sai ga mutum biyu, Goldberg da McCann, suka hada masa walimar zagayowar haihuwa alhali shi yace ba ranar haihuwarsa bace, suka yi ta jefa masa tambayoyi marasa kan gado har bakinsa ya mutu, washegari suka sa masa kwat suka tafi dashi. Ina zasu kai shi, me ya yi musu, oho. Pinter din da aka kora kwana kadan shi ya ci Nobel a 2005.

Joe Orton shi kuma rashin kunya ya kara. A Loot na 1965 barayi suka fitar da gawar uwa daga akwatinta suka zuba kudin sata, kuma lokacin akwai tace wasanni, ofishin Lord Chamberlain ke duba komai tun 1737, sai 1968 aka soke. Orton bai ga wannan ba, abokin zamansa ya kashe shi da guduma a 1967.

Bayan an cire takunkumi kowa ya saki jiki. Philip Ridley a 1991 ya kawo tagwaye da suka kulle kansu a gida sai cakulan suke ci, bakonsu kuma sana'arsa cin kyankyaso. Jerusalem na Jez Butterworth, 2009, mashayi ne a tsohuwar motar kwana cikin daji, karamar hukuma na neman tashinsa, Mark Rylance ya fito a ciki.

Ni dai wanda yafi kama ni Hangmen na Martin McDonagh, 2015. Harry Wade mai rataye mutane ne na gwamnati, an soke rataya a 1965 ya koma tsaron mashayarsa a Oldham yana cika baki, sai wani saurayi dan Landan, Mooney, ya shigo wai neman dakin haya yake, yana murmushi yana zolayar 'yar gidan, daga nan yarinyar ta bace.