Ƙashin da ke cikin kogon ruwa na waye? Abin da dokar Meksiko ta tanada

A yankin Yukatan na ƙasar Meksiko akwai dubban ramuka da ake kira sinote, wato wuraren da rufin dutsen farar ƙasa ya rufta ya bayyana kogunan ruwa da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa. Masu nutso daga ko'ina suna zuwa garin Tulum su goya tukunyar iska su shiga, amma da yawansu ba su san cewa doka tana biye da su har ƙasan ruwan ba.

Dokar da ake magana a kai ita ce dokar tarayya ta 1972 kan kayan tarihi da wuraren tarihi. Sashe na 27 ya ce duk kayan tarihi na mutanen dā mallakar ƙasa ne, ba a sayar da su, kuma daɗewarsu a hannun mutum ba ta mayar da su nasa. Sashe na 28 ya fayyace cewa wannan yana nufin abubuwan da al'ummomin da suka riga zuwan Sifaniyawa suka bari, har da ƙasusuwan mutane da ragowar dabbobi da tsirrai masu alaƙa da su. A 2014 aka yi wa dokar gyara, aka ambaci abin da ke ƙarƙashin ruwa ƙarara, bayan ƙasar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan wannan batu.

A wurinmu mai tsintuwa yakan yi cigiya, in mai kaya bai fito ba ya sami wani haƙƙi a kanta. A nan babu wannan hanya, domin mai kayan sananne ne tun kafin a tsinta. Ko mai filin da bakin kogon yake ciki, wanda ke karɓar kuɗin shiga a ƙofa, ba shi da iko ya ba wa baƙo izinin ɗaukar ɓarin tukunya. Izinin tono ko ciro wani abu yana hannun hukumar tarihi ta ƙasa ne, wato INAH, kuma wanda ya yi aikin tono ko ya gusar da kayan tarihi ba da yardarta ba yana iya shan ɗaurin shekara 3 zuwa 10, ga kuma tara.

Dalilin wannan tsanani shi ne, darajar ƙashi tana cikin yadda yake kwance. A ƙarshen zamanin ƙanƙara, lokacin da duniya ta yi tsananin sanyi ruwan teku ya ja baya, waɗannan koguna busassu ne, mutane da dabbobi suna shiga, daga baya teku ta hau ruwa ya rufe su. A 2007 wasu masu nutso uku suka gano ƙasusuwan wata yarinya 'yar kimanin shekara 15 a ramin Hoyo Negro, a zurfin da ya kai mita 40, wadda aka laƙaba wa suna Naia, kuma bincike ya nuna ta rayu shekara 12,000 zuwa 13,000 da suka wuce. Sun kai rahoto ga hukuma, shi ya sa aka auna komai a muhallinsa.

Abin da ya faru a kogon Chan Hol ya sha bamban. A 2012 aka yaɗa hotunan wani kwarangwal a kafafen sada zumunta, cikin 'yan makonni aka sace mafi yawansa. A ganina a nan raunin dokar yake: hukuncin mai nauyi ne a takarda, amma babu mai gadin da zai kwana cikin duhu a ƙarƙashin ruwa, sai dai a dogara ga jagororin da ke shiga da baƙi. Daga cikin ɗan abin da ɓarayin suka bari akwai ƙashin ƙugu da dutse ya tsiro a kansa ya riƙe shi gam, kuma da wannan dutsen ne masana suka ƙiyasta cewa mamacin ya kai shekara 13,000 a wurin.