Wedding, Marriage, Marry da Wed: Ina Bambancin Yake?

Katin gayyatar biki a Kano ko Kaduna da wuya ka rasa "Wedding Fatiha" a samansa da manyan baƙaƙe. Masu buga katin sun zaɓi kalmar da ta dace, domin wedding na nufin taron da ake yi a watse: ɗaurin aure da shagalin da ke biye da shi. Marriage kuwa zaman auren ne kansa, tun daga ranar da aka shafa fatiha har mutuwa ko saki ya raba. Don haka Bature zai iya cewa wedding ɗin wance ya yi armashi amma marriage ɗin bai kai shekara ba, kuma babu tufka da warwara a zancensa. Ɗalibin da zai ba da labarin bikin da ya halarta, wedding ya kamata ya rubuta.

Marry aikatau ne, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. "He married her" na nufin ya aure ta. "The imam married them" kuma ba liman ne ya yi aure ba, shi ya ɗaura musu. Uban da ya aurar da 'yarsa za a ce "he married her off", sai dai a lura, wannan furucin yakan ɗauki ƙamshin an rabu da kaya, don haka bai dace a faɗa wa surukai a fuska ba. Abin da ya fi damuna shi ne "married with". Mu a Hausa muna cewa ya yi aure da wance, sai hannu ya zarce ya rubuta with. Daidai shi ne "married to". Idan ka ga an rubuta "married with three children" a takardar tarihin mutum, ana nufin yana da aure da 'ya'ya uku.

Wed ma'anarta ɗaya da marry, amma ta girme ta a Ingilishi. Asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin alƙawari ko jingina. Marry ta shigo ne daga Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin miji. Yau ba kasafai ake jin wed a hira ba. 'Yan jarida ne ke son ta a kanun labarai saboda gajartarta. Matrimony kuma, wadda ita ma ke nufin zaman aure, ta coci ce da takardun shari'a.

Sai join da merge, waɗanda su ma, kamar marry, suke ɗauke da ma'anar haɗa abu biyu. Join haɗawa ne ko shiga, kowa yana nan da sunansa: mutum ya shiga ƙungiya, ko hanya ta haɗu da hanya. A auren coci ana cewa "joined in holy matrimony". Merge narkewa ce, abu biyu ko fiye su koma ɗaya. Ita ce 'yan siyasarmu suka mayar "maja" lokacin da jam'iyyun ACN da CPC da ANPP suka dunƙule suka zama APC a 2013. Haka bankin Diamond ya narke cikin Access a 2019, sunansa ya ɓace daga allunan rassa. Saboda wannan ɓacewar ne ba a amfani da merge a kan miji da mata.