Wai bashi ma tallafi ne?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, kalmar nan ba ta sake samun hutu ba. An cire tallafi, sai aka kawo tallafin rage raɗaɗin cire tallafi. Buhun shinkafa tallafi, keken ɗinki tallafi, taki tallafi. Kunna rediyo da safe a Kaduna ka ƙirga, kafin kokonka ya huce ka gaji.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka koma kiran bashi da sunan tallafi.

Bahaushe ya san kalmar tun kafin a haƙo fetur. Mai talla ta sunkuya za ta ɗauki faranti, ka sa hannu ka tallafa mata. Jariri sabuwar haihuwa, tallabe kansa ake yi. Sai kuma ɗan tallafi, yaron da ake bai wa mace ta raina: ta ci da shi, ta tufatar da shi, ta yi jinyarsa, ta yi masa aure. Ni dai ban taɓa jin wadda ta ajiye littafi tana rubuta malmalar tuwon da ya ci, ranar da ya kama sana'a ta ce ya biya har da ruwa a kai ba. Abin da za a dawo a karɓa ba tallafi ba ne, ko da kuwa a zauren taro aka raba shi da kakaki.

Ba kuma ƙarancin kalmomi ke damun mu ba. Harshen da ya raba aro da rance, wato tsanin da za ka mayar da shi kansa da kuma mudun geron da za ka mayar da madadinsa, ba zai rasa sunan kuɗin banki ba.

Gwaggona tana suyar awara a Rigasa. Wasu samari masu riguna iri ɗaya suka shigo layinsu da lasifika, wai tallafin mata masu ƙananan sana'o'i. Ta dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci, aka ba ta naira dubu hamsin. Ta sayi waken suya da jarkar mai, ta ɗiba ta yi wa jikoki ɗinki, har maƙwabta sai da suka ɗanɗana. Bayan mako biyu sai ga ɗaya daga cikin samarin da kati, ya zo karɓar zubin farko. Ta ajiye matsami ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ba tallafi kuka ce ba?" Ya ce, "Tallafi ne mana, Hajiya, amma na biya." Tunkiyarta ce ta biya.

Haka aka yi da shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Rance ne ga manoma, amma da yawa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Shirin TraderMoni na 2018 ma, naira dubu goman nan da gwamnati ta bai wa ƙananan 'yan kasuwa, rance ne. A bakin jama'a duk tallafi suka zama, daga baya aka dawo ana cewa talaka ba ya biyan bashi. To da wane suna aka miƙa masa?

Masu rubuta tallan sun san abin da suke yi. In suka ce bashi, rabin layin zai watse. Alhali bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma 'yan Kasuwar Barci da ke Kaduna kullum karɓar kaya suke yi su biya bayan ciniki, babu mai jin kunya, don kowa ya san ranar biya.

Yanzu ƙungiyoyin agaji masu bayarwa don Allah su ke kwana a ciki. Kwanan baya wasu suka kawo injin markaɗe kyauta unguwar su Gwaggo. Ta ƙi dangwala yatsa har sai da mai unguwa ya rantse mata ba za a dawo da kati ba.