Karatu a Wajen Aji: Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyo Cikin Al'umma a Matakin Sakandare

Me ake nufi da koyo cikin al'umma, kuma me ya bambanta shi da aikin sa-kai?

Tsari ne da ɗalibin sakandare yake barin aji na wasu sa'o'i a mako, ya je ya yi aiki na zahiri a asibiti, ko gona, ko garejin kanikawa, ko wata ƙungiya mai yi wa jama'a hidima, sannan makaranta ta lissafa masa abin da ya koya a cikin makin da ake buƙata kafin a ba shi takardar kammalawa. Mai aikin sa-kai yana taimakawa ne ya kama gabansa, babu mai tambayarsa abin da ya fahimta. Shi kuwa wannan ɗalibi akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninsa da malaminsa da wanda zai kula da shi a wurin aikin, wadda ta fayyace abin da zai koya da yadda za a tabbatar ya koya.

Wannan tunani sabo ne?

Ba sabo ba ne. Masanin ilimi John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, inda yara suke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. A 1967 shugaban Tanzaniya na lokacin, Julius Nyerere, ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai a ƙasarsa, ya nemi makarantu su zama wani ɓangare na al'ummar da ke kewaye da su. A 1972 aka kafa makarantar City-As-School a New York, wadda ɗalibanta suke samun maki daga aiki a wurare daban-daban na birnin.

Yaya ake lissafa makin?

A nan ne gizo yake saƙar. A Amurka, tun 1906 aka saba auna karatun sakandare da ma'aunin Carnegie, wato kimanin sa'o'i 120 na darasi ɗaya a shekara. Wannan ya sa da aka fitar da ɗalibai daga aji, abu mafi sauƙi ga hukumomi shi ne su ci gaba da ƙirga sa'o'i. Jihar Maryland ta wajabta sa'o'i 75 na koyo ta hanyar hidima a 1992, lardin Ontario na Kanada kuma ya wajabta sa'o'i 40 na hidimar al'umma daga 1999. Sai dai ya kamata a lura cewa sa'o'in nan 40 sharaɗin kammalawa ne kawai. Maki na gaske a Ontario yana zuwa ne ta wani shiri dabam da yake haɗa zama a wurin aiki da darasin da ɗalibi yake ɗauka a aji.

A ganina, wannan rarrabewa daidai take, domin sa'o'i ba su nuna komai sai cewa ɗalibi ya halarta. Yaro zai iya shafe wata guda yana jera takardu a ofis ba tare da ya fahimci abin da ofishin yake yi ba. Makarantun da suka ɗauki lamarin da muhimmanci suna neman ɗalibi ya riƙa rubuta abin da ya gani da abin da ya ba shi wahala, ya kammala wani aiki da wurin zai amfana da shi, sannan ya tsaya gaban malamai da iyaye ya yi bayani, a yi masa tambayoyi. Haka makarantar Met, wadda aka buɗe a birnin Providence na Amurka a 1996, take yi da ɗalibanta, waɗanda suke zuwa wurin aiki kwana biyu a mako.

Shin wannan ba zai cinye lokacin lissafi da kimiyya ba?

Zai cinye idan ba a ɗaure aikin da manhaja ba. Amma a ɗauki ɗalibar da aka tura ta riƙa ɗebo ruwan rafi tana gwada tsaftarsa: dole ta yi awo, ta jera alƙaluma, ta zana jadawali, ta rubuta rahoton da wanda ba masani ba zai fahimta. Ta yi kimiyya da lissafi da rubutu ke nan a aiki guda, kuma gani ya kori ji. Duk da haka akwai darussan da sai an zauna an maimaita su a aji, kuma bai kamata a yi riya cewa fita waje za ta maye gurbinsu ba.

Waɗanne matsaloli ne ya kamata a yi hattara da su?

Babbar matsala ita ce a mayar da ɗalibi ma'aikacin kyauta, a ɗora masa shara da aike da sunan koyo. Akwai kuma batun tsaron lafiyarsa da mutuncinsa, tunda yawancin waɗannan ɗalibai ba su kai shekara 18 ba, don haka wajibi ne makaranta ta binciki wurin da mutanen da za su kula da shi, malami kuma ya riƙa kai ziyara. Abin da ya fi damuna shi ne rashin daidaito. Idan aka bar kowane ɗalibi ya nemo wa kansa wuri, ɗan mai hanya zai samu gurbi a inda ake koyon abu mai daraja, ɗan talaka kuwa ya ƙare a duk inda aka karɓe shi, ko ya rasa kuɗin mota gaba ɗaya. Saboda haka nemo gurabe da ɗaukar nauyin zirga-zirga aikin makaranta ne.

Me iyaye za su tambaya kafin su amince?

Su nemi ganin yarjejeniyar a rubuce, su san sunan wanda zai kula da ɗansu a wurin aikin da malamin da zai bibiye shi, su kuma tabbatar cewa jami'a ko kwalejin da yaron yake son shiga tana karɓar irin wannan maki, domin ba kowace hukumar jarrabawa ce take lissafa shi ba.