Intanet: Amsoshin Mai Gyaran Waya a Farm Centre

Gyaran waya nake yi a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, kuma duk wanda ya zauna a bencina yana jiran a canja masa gilashi sai ya jefo mini ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Bakina ya gaji. Na rubuta su, wanda ya sake tambaya in tura masa.

Wai intanet da Facebook ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Intanet ce kasuwar, Facebook rumfa ce a cikinta.

5G tana kawo cuta?

Ba ta kawowa. MTN ta ƙaddamar da ita a Najeriya tun 2022. Wanda ya turo maka wancan saƙon murya, da wace waya ya turo?

Me ya sa netwok ya ɗauke a azumin 2024?

Saboda intanet ba a iska take tafiya ba kamar yadda kuke zato. Yawancinta ta cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take zuwa, ta sauka a Legas, sannan a jawo ta Arewa ta ƙarƙashin ƙasa. Ranar 14 ga Maris, 2024, wasu daga cikin wayoyin suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da dama ya samu cikas. Mutane suka yi ta kawo mini wayoyinsu wai sun lalace. Lafiyarsu ƙalau.

Ina da shagon yadi a Kantin Kwari. In rufe in koma sayarwa ta waya?

To, Alhaji, wannan ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye. Ya danganta. Abin da na sani shi ne kasuwar ta riga ta shiga waya ko ka so ko ka ƙi. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, dattawan da suka rantse ba za su karɓi taransifa ba sun karɓa, kuma ba su daina ba. Akwai matan aure a Gwammaja da Hotoro da suke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinsu, sitatus ɗin WhatsApp ne shagonsu, ba haya, ba kuɗin mai gadi.

Amma kayansu a ina suke sarowa? A wajenka. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba zan ce ka rufe ba. Mai sari daga Maraɗi ko Njamena yana aiko maka da kuɗi ne don ya san ƙofar shagonka, ya san wanda zai kai wa ƙara in an saɓa. Ka rufe shagon, ka zama lamba kawai, lamba kuwa ana iya kashe ta. Sannan yadi abu ne na taɓawa. Shadda a hoto launinta daban, a rana daban, kuma rigimar "ba wannan na zaɓa ba" tana cin riba fiye da haya.

Idan dai za ka gwada, ka riƙe shagon, ka ba wa yaro mai amana waya guda ta kasuwanci kawai. Kada kaya su bar shago don an nuna maka hoton rasit. Ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Alat na bogi ya kwantar da mutane da yawa a garin nan. Ka kuma lissafa kuɗin data da na aika kaya tasha kafin ka yanka farashi, domin a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Zai yiwu ka ga ciniki ya ninka, zai yiwu ka ga wahala ce ta ninka. Mai leshi da mai kantin siminti ba hanyarsu ɗaya ba.

Yaushe ma intanet ɗin nan ta fara?

A Amurka, 1969. Mu nan ta iso a shekarun 1990, GSM ta zo a 2001, muka yi zamanin kafe ana biyan kuɗin awa a shiga intanet. Yanzu har JAMB a kwamfuta ake rubutawa.

An ce in saka dubu hamsin ta zama ɗari a wata guda.

Haba! MMM, tsarin zuba kuɗin da ya rufta da kuɗin jama'a a 2016, ba ta ishe ku darasi ba? Kuma kada ka ba kowa lambar da banki ya turo maka, ko da ya ce daga banki yake kira.

Ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace mana sana'a?

Kwantar da hankalinka, Malam. Wasu ayyukan za su ragu, kamar buga takardu da fassara mai sauƙi. Haka YouTube ta yi wa masu sayar da faifan finafinan Hausa. Amma har yau ban ga manhajar da ta ɗinke babbar riga ba.

Yarona fa, kullum yana kan waya?

Hajiya, ke kika saya masa wayar, ke kike loda masa data. Ki karɓe ta bayan Isha'i, ki kwana da ita a ɗakinki.